Ken Arthurson da rikicin da ya raba zari-rugar Ostareliya gida biyu

A jihohin New South Wales da Queensland na Ostareliya, wasan da ke cika filaye lokacin hunturu shi ne zari-ruga na mutum 13, wanda ake kira Lig. Ya bambanta da na mutum 15 da aka fi sani a Afirka ta Kudu da Faransa. A Lig, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar kamu shida. Idan aka kayar da mai ɗauke da ƙwallo sau shida ba su ci ba, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Dangwala ƙwallo a bayan layin gida maki 4 ne, bugun da ke biyo bayansa maki 2. An fara gasar Sidni a 1908, kuma abin da ya haife ta rigimar kuɗi ce: 'yan wasa, galibinsu ma'aikatan ƙarfi, sun nemi a riƙa biyansu idan sun ji rauni sun rasa ladan aikinsu, hukumar wasan mutum 15 ta ƙi.

Ken Arthurson, wanda 'yan wasa da 'yan jarida ke kira Arko, ya shugabanci hukumar wasan ta ƙasa, ARL, daga 1983 zuwa farkon 1997. A zamaninsa wasan ya tashi daga gasar unguwannin birni ɗaya ya zama haja mai tsada a talabijin, kuma a zamaninsa ne kamfanin Rupert Murdoch, attajirin kafafen yaɗa labarai, ya kusa ɗauke shi ɗungurungum. Mutumin ya gina sunansa ne a kan sanin yadda ake sayen ɗan wasa. Da babban mai saye ya zo, sai ga shi ya tsare kulob-kulob da takardu ya bar 'yan wasan a buɗe. Wannan shi ne abin da ya cancanci a duba a tarihinsa.

An haife shi a 1929 a Sidni, ya tashi a yankin bakin teku na arewacin birnin, inda kulob ɗin Manly-Warringah yake. Manly ta shiga babbar gasa a 1947, shi kuma ya fara buga mata a 1950 a matsayin mai lamba 7, wato wanda ke raba ƙwallo yana tsara hari, gurbin da aka fi bai wa ƙaramin jiki mai kaifin ido. A 1951 ya buga wasan ƙarshe na farko a tarihin kulob ɗin, South Sydney ta lallasa su 42 da 14. A 1953 ya tafi garin Parkes, can cikin karkarar jihar, a matsayin kyaftin kuma koci. A nan ya samu tsagewar ƙashin kai a fili, wasansa ya ƙare yana da shekara 23.

Ya dawo Manly ya kama horarwa, daga ƙananan rukuni har aka ba shi babbar ƙungiya a 1957 yana ɗan shekara 27. Ya kai ta wasan ƙarshe a 1957 da 1959, duka biyun St George ta doke shi, 31 da 9, sannan 20 da nema. Ba abin kunya ba ne, don St George ta ɗauki kofi sau 11 a jere daga 1956 zuwa 1966. A lokacin babu iyakar kamu, ƙungiya mai manyan 'yan gaba tana iya riƙe ƙwallo har ta gaji da shi. Sai a 1967 aka kawo dokar kamu huɗu, aka mayar da ita shida a 1971. Amma ƙarfin St George bai tsaya a fili ba. Tana da kuɗi, tana da sakatare, Frank Facer, wanda ya ƙware wajen ɗauko sabon jini kafin tsohon ya huce. Wannan darasin Arthurson ya ɗauka, kuma a 1963 ya zama sakataren Manly, kujerar da ya riƙe shekara 20.

Sai an san inda kuɗin yake fitowa za a gane aikin sakatare a wancan zamani. A 1956 jihar New South Wales ta halatta injinan caca a gidajen shaƙatawa masu rajista. Kusan kowane kulob na Lig yana da irin wannan gida, mambobi su ci abinci, su sha, su zuba sulalla a inji, ribar kuma a yanko wani kaso a bai wa ɓangaren wasa a matsayin tallafi. Kuɗin ƙofa kaɗai ba ya riƙe ƙungiya. Saboda haka ƙarfin kulob a kasuwar 'yan wasa yana bin yawan injinansa da cunkoson unguwarsa. Kulob na tsohuwar unguwar tsakiyar birni, irin Newtown, inda jama'a ke ƙaura, kullum baya yake ci. Sakatare shi ne mai tsayawa tsakanin akwatin gidan shaƙatawa da ɗakin 'yan wasa: ya samo tallafi, ya san wanda kwantiraginsa ke ƙarewa a wani kulob, ya nemo wa sabon zuwa aikin yi da wurin zama, don 'yan wasan lokacin duk suna da sana'arsu ta yini.

Akwai kuma shinge ɗaya da ya daɗe yana hana ciniki. Kulob yana iya riƙe sunan ɗan wasa ko bayan kwantiraginsa ya ƙare, ba zai koma wani wuri ba sai an sake shi ko an biya kuɗin da aka yanka masa. Dennis Tutty na Balmain ya ƙi yarda, ya ƙaurace wa wasa shekara biyu, ya kai ƙara, kuma a ƙarshen 1971 Babbar Kotun Ostareliya ta ce tsarin tauye haƙƙin neman abinci ne. Daga nan kasuwa ta buɗe, kuma ba wanda ya shige ta da shiri kamar Arthurson.

Tun 1966 ya ɗauko Bob Fulton yana matashi daga Wollongong. A 1971 ya kawo Ken Irvine daga North Sydney da Malcolm Reilly daga Castleford ta Ingila. A 1972 ya cire John O'Neill da Ray Branighan daga South Sydney, ƙungiyar da ta doke Manly a wasan ƙarshe na 1968 da na 1970. A lura da dabarar: sayen ɗan gaba irin O'Neill riba biyu ce, ka ƙara wa kanka ƙarfi, ka rage wa wanda ke tare maka hanya. A shekarar ce Manly ta ɗauki kofinta na farko, ta doke Eastern Suburbs 19 da 14. Ta maimaita a 1973 a kan Cronulla, 10 da 7, a wasan da har yau ake ambata saboda dambe da ƙetar da aka yi a cikinsa. Ta ƙara a 1976 a kan Parramatta, 13 da 10, sannan a 1978 bayan canjaras 11 da 11 da Cronulla, aka sake wasa ta ci 16 da nema.

Kofi huɗu cikin shekara bakwai ya zo da baƙin jini. A zagayen ƙarshe na 1978 alƙalin wasa Greg Hartley ya kuskure lissafi, Manly ta ci Parramatta a kamu na bakwai, kuma magoya bayan sauran kulob-kulob ba su taɓa yarda kuskure ne kawai ba. Kocin Western Suburbs, Roy Masters, ya mayar da gabar ta zama ta talakawan yammacin birni da masu hali na bakin teku. Amsar Manly ita ce ta saye manyan 'yan wasan Wests uku a 1980, Les Boyd da John Dorahy da Ray Brown. Wannan suna na mai wawure kayan mutane ya bi Arthurson har kujerar ƙasa, kuma ya yi masa illa a 1995 lokacin da ya tsaya yana kiran a riƙe amana.

Hawansa shugabanci ya biyo bayan abin kunya ne. A 1983 shirin bincike na gidan talabijin na ABC ya tono zargin cewa an sa baki a wata tsohuwar shari'ar kuɗi da ta shafi shugaban hukumar, Kevin Humphreys. Humphreys ya yi murabus, gwamnatin jiha ta kafa hukumar bincike. Arthurson ya karɓi ARL, John Quayle, tsohon ɗan wasan Eastern Suburbs da Parramatta, ya zama babban manajan hukumar jiha mai gudanar da gasar. Su biyun ne suka tuƙa wasan shekara 13.

Sun yi aiki, wannan ba gardama. An mayar da hukumar kamfani mai ƙaramin kwamitin darektoci, maimakon babban taron wakilan kulob inda kowa ke jan zaren gidansu. Kwamitin ladabtarwa ƙarƙashin lauya Jim Comans ya daina wasa da masu mugun duka: Les Boyd, ɗan Manly a lokacin, ya sha dakatarwar wata 12 a 1983 saboda gwiwar hannu da ta karya muƙamuƙin Darryl Brohman. Hukunci irin wannan ne ya sa iyaye mata suka yarda 'ya'yansu su shiga wasan, masu talla kuma suka yarda a liƙa sunansu a jikinsa. An fitar da Newtown a ƙarshen 1983. An so a fitar da Wests ita ma, ta garzaya kotu ta tsira. A 1988 aka shigo da Brisbane Broncos da Newcastle Knights da wata ƙungiya daga Gold Coast. A 1990 aka ƙayyade jimillar albashin da kowane kulob zai iya biya, wato mutumin da ya fi kowa cin moriyar buɗaɗɗiyar kasuwa shi ne ya zo yana sa mata linzami. Tsarin rabon 'yan wasa da aka gwada a 1991, inda na ƙasan tebur ke fara zaɓe, bai kai shekara ba Kotun Tarayya ta soke shi bayan ƙarar 'yan wasa, cikinsu har da Terry Hill. Wannan hukunci gargaɗi ne cewa dokar kasuwanci ba ta ɗaga wa wasanni ƙafa. Ba a ji gargaɗin sosai ba.

A 1995 gasar ta kai ƙungiya 20 da shigowar Auckland Warriors daga Niyu Zilan, North Queensland Cowboys, South Queensland Crushers da Western Reds ta birnin Perth. Cikin 20 ɗin, 11 a Sidni suke. Wani rahoto da hukumar da kanta ta sa aka yi a 1992 ya ba da shawarar rage na Sidni, amma kulob-kulob ɗin ne ke da ƙuri'a, kuma shari'ar Wests ta nuna korar kulob ba abu ne mai sauƙi ba. Arthurson ya zaɓi a ƙara sababbi a bar raunana su mutu da kansu ko su haɗe. Sababbin kuma aka ɗora musu kaya: ƙungiyar Perth, alal misali, ita ke biyan kuɗin jirgi da masaukin duk wanda ya zo wasa gidanta, daga wancan gefen nahiya. Ga kuma Broncos, kamfani mai zaman kansa da ba ya dogara da injin caca, ya ɗauki kofi a 1992 da 1993, yana tara 'yan kallo fiye da kowa, amma a teburin yanke shawara muryarsa ba ta fi ta kulob ɗin da filinsa ke wayam ba. Shugabansa John Ribot shi ya zama fuskar tawaye.

Wutar kanta daga talabijin na biya ta taso, wato tashoshin da sai an biya kuɗin wata ake kallo. Kamfanoni biyu ne ke shimfiɗa waya a titunan biranen ƙasar a lokaci guda: Foxtel, haɗin gwiwar News Limited na Murdoch da kamfanin sadarwa na Telstra, da kuma Optus Vision, wanda Kerry Packer mai tashar Channel Nine ke tare da shi. Wanda ya mallaki Lig shi zai samu masu biyan kuɗin wata a Sidni da Brisbane. ARL ta riga ta sayar wa Packer haƙƙin nunawa, na kyauta da na biya, har zuwa 2000. Tunda News ba ta da hanyar sayen gasar da ke akwai, sai ta ƙudura kafa tata, Super League, mai ƙungiyoyi kaɗan da taurari da yawa.

Arthurson ya ji ƙishin-ƙishin tun 1994. Bisa tsarin da ake bi, kowace shekara kulob yake neman izinin shiga gasa, babu wani dogon alƙawari tsakaninsa da hukuma. A Nuwamba 1994 aka sa duk kulob 20 suka sa hannu a yarjejeniyar zama cikin gasar ARL shekara biyar. A Fabrairu 1995, bayan News ta gabatar da tayinta ga taron kulob-kulob, Packer da kansa ya shiga ya ce zai maka duk wanda ya taɓa haƙƙinsa a kotu, aka sake sa hannu a wata takardar biyayya mai tsauri fiye da ta farko. Hukumar ta ɗauka magana ta ƙare.

An kulle ƙofar gida an bar ta garke a buɗe. Kwantiragin ɗan wasa da kulob ɗinsa yake, ba da ARL ba, kuma da yawa gajeru ne. News ba ta buƙatar tsohon kulob idan ta samu 'yan wasansa da kocinsa, sabon kamfani kawai za ta yi wa rajista ta ba shi lasisi. A ƙarshen Maris 1995 ta shigar da ƙarar neman soke takardun biyayya, kuma a daidai ƙarshen makon nan wakilanta suka bazu da kwantiragi da cek a hannu. 'Yan Canberra, su Laurie Daley da Ricky Stuart da Bradley Clyde, a Townsville aka same su inda suka je wasa. Hanyar ɗaya ce ko'ina: a fara da koci, koci ya kawo manyan 'yan wasa, a shigar da su ɗaki ɗaya bayan ɗaya, a ninka albashi, a ba da kuɗin sa hannu nan take, kuma ba a barin mutum ya fita da takarda ya nuna wa lauya ko wakilinsa. Da 'yan wasa suka tafi, shugabannin kulob ba su da zaɓi sai su bi. Cikin kwanaki Brisbane, Canberra, Canterbury da Cronulla suka faɗa, daga baya Auckland, Perth, North Queensland da Penrith suka biyo.

Martanin ARL ya zo da sauri, da kuɗin Optus da Nine. Bob Fulton, yaron da Arthurson ya ɗauko a 1966, wanda a lokacin shi ne kocin Manly da na ƙasa, shi da wani koci, Phil Gould, suka zauna suna sa 'yan wasa hannu a kwantiragi kai tsaye da hukuma, abin da ya kamata a yi wata biyar kafin nan da kuɗi kaɗan. Sun riƙe Brad Fittler, sun riƙe 'yan Newcastle ƙarƙashin Paul Harragon, wanda ya hana News garin da ya fi ko'ina son wasan. 'Yan Canterbury huɗu, Dean Pay, Jason Smith, Jim Dymock da Jarrod McCracken, suka janye daga Super League, kotu ta goyi bayansu saboda yanayin da aka sa su sa hannu, suka koma Parramatta. Ɗaya makamin ARL shi ne rigar jiha da ta ƙasa: wanda ya bi News ba za a zaɓe shi ba. Queensland, ba tare da taurarinta na Broncos ba, ta doke New South Wales uku da nema a jerin wasannin jihohi na 1995 ƙarƙashin koci Paul Vautin, Ostareliya kuma ta ɗauki Kofin Duniya a Wembley, ta doke Ingila 16 da 8. Amma makamin bai daɗe ba, don News ta ƙulla yarjejeniyar fam miliyan 87 da hukumar Ingila, ta ja ta Niyu Zilan, ARL ta rasa abokan karawa a waje.

A Fabrairu 1996 Mai Shari'a James Burchett na Kotun Tarayya ya bai wa ARL gaskiya kusan a kowane batu. A ganinsa hukuma da kulob-kulob abokan haɗin gwiwa ne da ke bin juna amana, News kuma ta ingiza wasu su ci amanar. Ya hana Super League farawa har zuwa 2000. Yawancin kulob-kulob ɗin tawaye suka ƙaurace wa zagayen farko na 1996, sannan suka dawo dole. Ranar 4 ga Oktoba alƙalai uku na ɗaukaka ƙara suka kifar da hukuncin. Hujjarsu daga dokar kasuwanci ta 1974 take: kulob-kulob masu gogayya da juna ne wajen neman shiga gasa, to idan suka haɗa baki suka yi alƙawarin ba za su ba wa wani mai shirya gasa ƙungiyoyinsu ba, wannan ƙawancen ware wani ne daga kasuwa, kuma doka ta haramta shi ba tare da duba ko niyyar mai kyau ce ba. Takardun da Arthurson ya jingina da su, su ne suka zama hujja a kansa, musamman da yake an sa hannu a kansu ne a tare, da sanin kowa, don tare News. A Nuwamba Babbar Kotu ta ƙi sauraron ƙarar ARL.

Quayle ya sauka a ƙarshen 1996, Arthurson ya bi shi a farkon 1997, don ana ganin sulhu ba zai yiwu ba muddin su ne a kujera. A 1997 aka yi gasa biyu, ARL da ƙungiya 12, Super League da 10, ciki har da sababbi biyu, Adelaide Rams da Hunter Mariners. 'Yan kallo suka ragu, albashi ya haura abin da wasan ke samarwa, kowane ɓangare yana zubar da kuɗi. Abin da ya ɗaga darajar ARL a teburin sulhu shi ne wasanta na ƙarshe, inda Newcastle ta doke Manly 22 da 16 da cin Darren Albert a daƙiƙun ƙarshe. A Disamba aka daidaita, aka kafa haɗaɗɗiyar gasa mai suna NRL, rabi na ARL rabi na News.

Idan za a yi masa adalci, laifinsa biyu ne kuma duk na lissafi ne. Ya sayar da haƙƙin talabijin na biya kafin a san darajarsa, ga mai saye ɗaya, na tsawon shekaru. Ya kuma jinkirta gyaran Sidni saboda yana ganin kulob-kulob ɗin da suka kafa wasan ba kayan yarwa ba ne. Na biyun ya fi wuyar hukuntawa, don abin da ya biyo baya ya nuna irin tsadar gyaran. Yarjejeniyar sulhu ta tilasta rage ƙungiyoyi daga 20 a 1998 zuwa 14 a 2000. Perth, Hunter da South Queensland sun tafi tun ƙarshen 1997, Adelaide da Gold Coast a ƙarshen 1998. St George ta haɗe da Illawarra, Balmain da Wests suka zama Wests Tigers, duka haɗe-haɗen biyu kuma daga ɓangaren da ya tsaya wa ARL suke. Manly kanta aka aurar da ita ga tsohuwar abokiyar gabarta North Sydney da sunan Northern Eagles, auren bai wuce 2002 ba, Manly ta dawo da sunanta a 2003, Norths ta rasa gurbi.

South Sydney ta ƙi haɗewa, aka kore ta a ƙarshen 1999. Shugaban kulob ɗin, George Piggins, ya jagoranci ƙara da zanga-zangar dubban mutane a titunan Sidni, kuma sashen dokar da ya kayar da Arthurson, na haramta ware wani daga kasuwa, shi ne Souths ta riƙe ta ci ɗaukaka ƙara a 2001, ta dawo gasa a 2002. News ta ci gaba da riƙe rabin NRL har 2012, lokacin da aka kafa hukuma mai zaman kanta ta karɓi ragamar wasan gaba ɗaya.